Martani: Hawayen da Ake Zubar wa 'Yan Fim Ba Asara Ba Ne

A kwanakin baya wani marubuci ya fitar da doguwar maƙala a shafin ra'ayi, yana kukan cewa Bahaushen yau ya rasa alƙibla. Hujjarsa ita ce, da zarar ɗan fim ya rasu sai gari ya ɗauka, gidajen rediyo su cika da ta'aziyya, hotuna su mamaye Facebook da TikTok, alhali malami ko dattijon arziki zai kwanta dama ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya kafa misali da rasuwar Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. Daga nan ya zarce ya ce fim ɗin Hausa bai tsinana wa al'umma komai ba sai lalata tarbiyya, 'yan fim kuma sun zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa. Ya rufe da maganar da ta fi kowace nauyi, cewa yadda wasunsu suke mutuwa farat ɗaya a kan hanya izina ce da ya kamata na baya su ɗauka.

Babu mai shakkar cewa damuwar marubucin kan tarbiyya ta gaskiya ce, kuma alƙalaminsa yana da kaifi. Sai dai ya ɗora gininsa a kan abubuwan da ba haka suka faru ba, maganarsa ta ƙarshe kuwa zalunci ce ga mamatan da ba su da bakin kare kansu, da iyalan da har yau ba su gama share hawaye ba.

Batun cewa an fi makokin ɗan fim a kan malami shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin mutanen Kano suna raye, sun kuma ga abin da ya faru da idonsu. Ahmad S. Nuhu ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007, matasa suka yi kuka sosai. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 13 ga Afrilu, aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi. Duk wanda yake Kano a ranar ya san irin ɗimbin jama'ar da suka raka gawarsa, kuma har gobe ana sauraron tafsirinsa a motocin haya da shagunan kasuwa. A watan Mayun 2018 Hauwa Maina ta rasu a farkon wata, kwana shida bayanta Khalifa Isyaka Rabi'u ya rasu a Landan. Da aka kawo shi gida, sai da hanyoyin unguwar Goron Dutse suka toshe. Haka aka gani a jana'izar Dokta Ahmad Bamba a Janairun 2022. Babu ɗan fim ɗin da aka taɓa yi wa taro irin waɗannan. Abin da marubucin ya auna shi ne yawan hotunan da suka faɗo cikin wayarsa, waya kuwa tana nuna wa mutum irin abin da ya saba tsayawa ya kalla. Ɗan fim sana'arsa ce a ɗauke shi hoto, don haka ranar da ya mutu akwai dubban hotuna da guntayen bidiyo da za a yi ta yaɗawa. Malamin zaure da ya shekara arba'in yana karantar da Ahalari da Ishmawi wataƙila hotonsa bai fi biyu ba a duniya, amma almajiransa za su cika layin unguwa ranar jana'izarsa, su kuma ci gaba da yi masa addu'a bayan kowace salla.

To me ya sa mutane suke jin mutuwar ɗan wasa har cikin ransu? Amsar tana cikin ɗakunan matan aure da zaurukan samari da rumfunan masu shayi. Daso ta fara fitowa a fim a shekarar 2000, ta shafe fiye da shekara ashirin tana shiga gidajen mutane a matsayin masifaffiyar uwar miji, ko kishiyar da ba ta raga wa kowa, ko dillaliyar da ke haɗa husuma. Matar da take kulle a Gusau ko Maraɗi ko Zangon Kumasi ta san muryarta fiye da yadda ta san muryar wasu 'yan uwanta na jini. Ta ji haushinta, ta yi mata dariya, ta kuma gane wata da ta sani a cikin halin da take kwaikwayo. Da labari ya zo ranar 9 ga Afrilun 2024, jajibirin Ƙaramar Sallah, cewa ta yi sahur ta koma ta kwanta ba ta farka ba, dole ne wannan mata ta ji kamar an yi mata rasuwa a gida. Sabo ne ya kawo kukan, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sabo ake yi wa kuka.

Labarin Rabilu Musa Ɗan Ibro ya fi fito da wannan fili. Mutumin Ɗanlasan ne, ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasan barkwanci, ya kuma rasu a Disambar 2014. A tsawon kusan shekara ashirin babu irin talakan da bai zama ba a gaban kyamara: direba, ɗan dako, mai gadi, boka, ɗan ƙauyen da ya shigo birni aka yi masa wayo, magidancin da bashi ya yi wa katutu. Mutanen da suka yi dafifi wajen jana'izarsa galibinsu irin waɗannan mutane ne. Sun ga kansu a jikinsa a shekarun da babu wanda yake kawo labarinsu a talabijin in ba a labarin gobara ko hatsari ba. Mutumin da ya yini yana tura baro a Kantin Kwari ko Dawanau, ya dawo da dare ya samu abin da zai sa shi dariya har ya manta gajiya, yana da cikakken dalilin yi wa wanda ya ba shi wannan dariya addu'ar rahama. Ba ya buƙatar izinin kowane marubuci kafin ya yi.

Da'awar cewa fim bai kawo komai ba sai ɓarna tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin tana da inda ta taɓa gaskiya. Tun daga Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, rawa da waƙa irin ta finafinan Indiya suka zama gishirin kasuwa, aka shekara goma ana maimaita labarin saurayi ɗaya da 'yan mata biyu har ya gundiri kowa. An kwafi labaran Indiya ba kunya, an yi shigar da ba ta dace ba, an kuma samu waɗanda suka shigo harkar don neman suna kawai. 'Yan fim da kansu sun sha faɗin haka a mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da sauran kafafe. Mai sukar waɗannan abubuwa bai yi laifi ba.

Amma marubucin ya yi magana kamar wasan kwaikwayo baƙo ne da ya sauka a ƙasar Hausa jiya da daddare. Yaran da suke tashe a goma ga azumi suna kwaikwayon mai rowa da gwauro da tsoho mai gemu, wasan kwaikwayo suke yi, kuma gyaran hali suke nufi. Wasan gauta da ake yi a fada, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu, ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni ya kuma shirya su tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, da su ya fara caccakar zaluncin masu riƙe da mulkin gargajiya kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ɗan wasan kwaikwayo ne, har ƙungiyar wasa aka yi da sunansa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, shi Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon sojan da ya rasu a 2023, sun tarbiyyantar da zuriya guda ta akwatin talabijin da rediyo. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wannan tsohuwar hanya ta bi, kaset ɗin bidiyo ne kawai sabo a ciki.

Na yanzun ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya shafe shekaru yana kawo rayuwar 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram, da almajirai, da matasan da ƙwaya ta cinye, da auren da ake yi ba shiri, cikin harshen da tsohuwa a ƙauye za ta fahimta. Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, ya ƙirƙiri jihar Alfawa ya nuna yadda ake sayen 'yan jarida, da yadda asibitin gwamnati yake zama kango, da yadda uban gida yake juya gwamna. Manyan Mata ya taɓo halin da matan da aka saki da yaran da aka tura bara suke ciki. Tsintsiya na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kira ne na zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista. Sau biyu cikin 'yan shekarun nan fim ɗin da Nijeriya ta tura gasar Oscar da Hausa aka yi shi: The Milkmaid na 2020, wanda Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi, da kuma Mai Martaba a 2024. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kwashe shekaru yana nazarin wannan masana'anta, jami'o'i a ciki da wajen Nijeriya suna ba da digiri a kanta. Ko sunan Kannywood, da ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a 1999, ya riga Nollywood zuwa duniya. Wanda zai yanke wa duk wannan hukunci da kalma ɗaya, ya kamata ya faɗa wa masu karatu wanne ya kalla daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika lissafawa ba. Yaron da aka haifa a Yawunde ko Kartum ko Jidda, wanda iyayensa Hausawa ne amma makaranta da titi suna yi masa wani yare, sau da yawa a bakin Ali Nuhu da Hadiza Gabon da Ibro yake tsintar Hausar da zai gaisa da kakarsa. Da yawa daga cikin waɗanda ba Hausawa ba ma ta nan suka koyi harshen.

Sai batun siyasa, inda marubucin ya fi zafafawa. Gaskiya ne an ga abin takaici. An ga masana'antar ta rabe gida biyu a zaɓen 2019, wasu suna bayan Buhari wasu suna bayan Atiku, ana zage-zage tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya. An ga Dauda Kahutu Rarara ya shekara takwas yana wasa Muhammadu Buhari, sannan a ƙarshen 2023, bayan mulki ya bar hannunsa, ya tara 'yan jarida ya ce shi ya lalata ƙasa. Mai kallo yana da haƙƙin ya ji ƙyamar wannan, ya kuma faɗa.

Sai dai shigar mai fasaha siyasa ba 'yan fim suka fara ta ba. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da waƙa suka yi yaƙin NEPU, jam'iyyar NPC ma tana da nata mawaƙan. Alhaji Mamman Shata, wanda babu mai musun girmansa a yau, ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Ɗan fim ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'a, yana shan wahalar tsadar mai da rashin wuta kamar kowa. Iyan-Tama ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007 da kansa, bai tsaya rera wa wani ba. Idan lauya da likita da ɗan kasuwa da malamin addini za su hau mumbarin kamfe, kuma ana ganinsu suna hawa a kowane zaɓe, babu dalilin da zai sa a ware ɗan wasa a ce shi kaɗai ne ya yi abin kunya.

Tambayar da marubucin ya tsallake ita ce, me ya kora su gindin 'yan siyasa har suka zama abin tausayi? A shekarun 2000 furodusa yana iya fitar da fim a kaset ko faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su saya, ya mayar da kuɗinsa ya shiga wani. Wannan kasuwa ta mutu a tsakiyar shekarun 2010. Masu satar fasaha suka cinye ta, masu tura finafinai a waya kan 'yan kuɗi ƙalilan suka ƙarasa ta, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka kwashe sauran masu saye. Babu wata hukuma da ta tashi tsaye ta kare haƙƙin mallakar waɗannan mutane. A Yulin 2016 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, da makarantar koyon sana'ar da ɗakunan ɗaukar hoto da sauti. Aka yi ca a kan shirin daga mumbarori da kafafen sada zumunta, cikin 'yan kwanaki Abdurrahman Kawu Sumaila, mai taimaka wa shugaban ƙasa a lokacin, ya sanar cewa an janye. Masu irin ra'ayin marubucin sun yi murna a ranar. Wurin da za a koya wa matasa rubutun labari mai ma'ana da aikin kyamara, a ƙarƙashin idon hukuma, shi aka rufe tun ba a aza tubali ba, aka bar su da YouTube da TikTok inda babu malami babu mai tsawatarwa. Bai dace wanda ya goyi bayan toshe wannan ƙofa ya dawo yana tambayar me ya sa finafinai ba su inganta ba, ko me ya sa jarumi yake bin ɗan takara don ya samu na cefane.

Hukuma kuwa ta daɗe da gane cewa wuyan ɗan fim a hannunta yake. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Ibro a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko, an ɗaure Iyan-Tama a ƙarshen shekarar kan Tsintsiya, fim ɗin da ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja. A 2019, a zamanin Isma'ila Na'abba Afakallahu, an kama darakta Sanusi Oscar 442 da mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa, kuma mutane da yawa a masana'antar sun danganta kamen da bambancin jam'iyya. A Mayun 2025, lokacin da ɗan fim ne da kansa, Abba El-Mustapha, yake riƙe da hukumar, an dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a rana ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa hujjar ba a kawo su tacewa ba. Gwamnatoci uku ne daban-daban, kowace da jam'iyyarta. Darasin da ɗan fim ya koya a wannan tsawon lokaci shi ne, lasisinsa da 'yancinsa suna iya dogara da wanda ya ci zaɓe. Mutumin da yake cikin wannan hali, in ya nemi uban gida a siyasa, tsoro yana cikin abin da ya kai shi, ko da kwaɗayi ma yana ciki.

Yanzu a zo kan maganar izina, wadda ita ce ta sa wannan martani ya zama dole. Irin wannan magana tana da tarihi a Kano. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka mutu, yawancinsu matasa. Nan take gari ya cika da cewa azaba ce ta sauka a kan masu zuwa kallon majigi, aka yi ta ƙirƙirar labarai kan abin da ake nunawa a daren. Binciken da hukuma ta yi ya gano cewa wutar ta tashi ne daga ɗakin na'ura, inda faifan fim na wancan zamani, mai saurin kamawa da wuta, ya kama. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu sun haɗa baƙin ciki biyu, na rashi da na gorin mutane. Fiye da shekara saba'in bayan haka, ga mai ilimi yana maimaita wannan gori da alƙalami.

Balaraba Muhammad ta rasu a 2003 a hanyar Kaduna zuwa Kano, a cikin ayarin da yake kai ta ɗakin mijinta. Aure ta yi, abin da masu sukar 'yan fim mata kullum suke cewa su yi. Ahmad S. Nuhu a wajen Azare ya gamu da ajalinsa cikin kwanakin Babbar Sallah. Hauwa Ali Dodo, wato Biba Problem, ta rasu ranar 1 ga Janairun 2010 a hanyar Jos. Kamal Aboki, matashin mai barkwanci, a Janairun 2023 yana dawowa Kano daga Maiduguri. Waɗannan hanyoyi su ne dai suke cin 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan rakiyar amarya da masu zuwa Maulidi da masu dawowa daga wa'azin ƙasa. Ramukan da ke kansu, da gudun wuce sa'a, da motocin da suka tsufa, da rashin motar ɗaukar marasa lafiya a kusa, ba sa tambayar sana'ar kowa. Idan malami ya rasu a hanyar Zariya sai a ce ya yi shahada, idan ɗan wasa ya rasu a wuri ɗaya sai a ce ishara ce. Wa ya ba wani ɗan Adam wannan ma'auni? Kowace mutuwa wa'azi ce ga rayayyu, wannan babu musu a tsakanin Musulmi. Amma ware wasu bayin Allah a ce irin tasu mutuwar alamar fushi ce, shiga ne cikin abin da Allah Ya bar wa kanSa sani. Hadisi ingantacce a cikin Bukhari ya hana zagin mamata, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Waɗannan mutane sun yi kalmar shahada, an yi musu wanka da sutura, an sallace su, suna da 'ya'ya da iyaye da suke karanta abin da ake rubutawa.

Da marubucin ya nemi abin da ya cancanci fushinsa a mutuwar 'yan fim, da ya same shi ba tare da wahala ba. A Fabrairun 2022 Ladin Cima, dattijuwar da ta fara wasa tun zamanin wasannin talabijin, ta shaida wa BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Maganar ta tayar da ƙura, manyan furodusoshi suka musanta, Naziru Sarkin Waƙa ya mara mata baya, aka yi ta cacar baki, ƙurar ta lafa ba tare da an fito da wani tsarin biya da kowa ya sani ba. Sani Garba SK ya daɗe yana jinya, sai da aka yi ta yaɗa bidiyonsa ana neman taimako kafin ya rasu a Disambar 2021. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya sa Arewa dariya tun shekarun 1980, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya fito yana roƙon matsuguni, sai ɗan ƙwallo Ahmed Musa ne ya saya masa gida kafin ya rasu a Jos a 2025. Mutanen da fuskokinsu suka sayar da miliyoyin kaset suna tsufa babu fansho, babu inshorar lafiya, babu wani kaso da yake shigo musu idan an sake nuna tsohon aikinsu. Wannan shi ne abin kunyar da ke tattare da mutuwar ɗan fim, kuma laifin ya hau kan manyan masana'antar da suka yi arziki, da gwamnatocin da suke tuna su lokacin kamfe kawai, da masu kallon da suka saba karɓar fim a waya ba tare da sisinsu ya kai ga wanda ya yi shi ba.

A wuri ɗaya marubucin ya yi daidai ƙwarai, kuma ya kamata a ƙarfafa masa. Ɗabi'ar ɗaukar hoton gawa a makara, da cusa waya a fuskar wanda aka yi wa rasuwa yana kuka, da ƙirƙirar labarin mutuwar jarumin da yake raye don a tara mabiya, duk abin ƙyama ne. Sai dai masu yin haka 'yan kallo ne da masu shafukan neman kuɗi, mamacin ba shi da hannu a ciki. Su ya kamata a fuskanta da wannan faɗa.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, Abba El-Mustapha kuma yana riƙe da hukumar tacewa ta Kano tun 2023. Ba a taɓa samun lokacin da 'yan masana'antar suka riƙe waɗannan kujeru biyu a tare ba, don haka uzurin cewa ba a damawa da su ya ƙare. Su da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ya kamata su fito da asusun jinya da na tsufa wanda za a riƙa cirar wani abu daga kowane fim ana zubawa, da mafi ƙarancin abin da za a biya dattawan da ake kira su fito a matsayin iyaye, da yarjejeniya a rubuce kafin a kunna kyamara. Gwamnatocin Arewa su dawo da maganar makarantar koyon fim, su zauna da malamai tun daga farko a tsara ta tare. Shi kuma marubucin, tunda yana da alƙalami da masu karanta shi, ya ci gaba da sukar duk fim ɗin da ya ga ya kauce, ya ambaci sunansa da abin da ya ɓata a ciki, masu shi suna raye za su ba shi amsa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa ya janye maganarsa a kansu, ya nemi afuwar iyalansu, ya yi musu addu'ar da yake fatan a yi masa. Allah Ya jiƙansu da rahama.